Ɗaukar Amon Gari Daga Damagaram Zuwa Kano: Ƙofofin Da Na Bi

Tun da na saki faifan nan na amon Damagaram da Kano, matasa da dama sun same ni, wasu a fada wajen shan shayi, wasu ta waya, kusan duk tambayarsu ɗaya: wace na'ura na yi aiki da ita, nawa kuma take. Tambayar ba laifi, sai dai na'ura ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ya ci mini lokaci shi ne sanin ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa da wanda za a gaisar kafin a danna maɓalli. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda na bi, don wanda zai zo bayana ya rage yawo.

Ni mai haɗa sauti ne, na daɗe ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram. Abin da na sa a gaba shi ne in ɗauki muryar gari kansa, ba waƙa ba, ba hira ba: ƙarar kabu-kabu, amalanken ƴan ga-ruwa, bugun maƙera, karatun almajirai da dare, tun daga nan har Kano, in jera su yadda mai saurare zai yi tafiyar da kunnensa yana zaune. A waje an daɗe ana irin wannan. Masu bincike na Jami'ar Simon Fraser a Kanada sun ɗauki sautukan birnin Bankuba suka fitar tun 1973. A wajenmu kuwa sabon abu ne, kuma sabuntarsa ce ta fara ba ni wahala.

Na fara da ofishin kula da al'adu na jiha. Ma'aikacin da ya karɓe ni dattijo ne mai fara'a. Ya tambaye ni ko fim zan ɗauka, na ce a'a. Ko wasa zan shirya, na ce a'a. Ko aikin jarida ne, nan ma na ce a'a. Ya cire tabarau ya ce, "To Mushe, in ba hoto ba waƙa, me mutane za su saurara?" Sai na ciro waya na sa masa wani guntun sauti da na taɓa ɗauka a Garin Malam da sassafe, mata na daka, zakara na cara, wata tana kiran yaro ya tashi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce gidan kakarsa ya tuna. Daga nan magana ta sauya. Shawarar da ya ba ni ita ce in rubuta takardar buƙata in kira aikin adana sautukan al'ada, domin a ƙarƙashin wannan sunan ofis ya san inda zai ajiye shi. Takardar da Faransanci na rubuta ta, don duk da cewa tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, aikin takarda bai bar Faransanci ba tukuna. Na haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa, da sunayen wuraren da zan ɗauka, da tsawon lokacin aikin, da jerin kayan aiki kowanne da lambar da ke jikinsa. Sati ya zagayo kafin a sa hannu a buga hatimi. Wannan jerin kayan, ku riƙe shi, zai dawo a gaba.

Daga nan sai ofishin magajin gari, inda na kai kwafe-kwafen aka manna tambur aka tabbatar da su. Ku je da safe, ku kuma je da canji. Kwafi dala biyar-biyar na biya kowane shafi, kuma duk abin da na kashe kan takarda, har da hotuna da tambur, bai kai jika biyar ba. Katin rigakafin shawara ina da shi tun da daɗewa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka nemo shi kawai na yi a ƙasan akwati. Batun fasfo ne ya ɗan tayar mini da hankali, saboda ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), aka kuma fito da sabon fasfo na AES, ƙawancen ƙasashen uku. Amma CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun da ke ɗauke da tambarinta, a kuma bar mutane su shiga su fita, har zuwa wani sabon bayani. Da tsohon fasfona na tafi, bai ƙare ba. Duk da haka ku tambayi direbobin layin kwana ɗaya kafin tafiya. Iyakar nan ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma direba ya fi kowa saurin jin labarinta.

Takarda a aljihu, na ɗauka aiki ya buɗe. Ashe takardar jami'i take yi wa magana, ba mutanen unguwa ba. A Birni, tsohon gari inda fadar sarki take, ta wajen mai unguwa na shiga, shi ya haɗa ni da wani bafade. Na cire takalmi, na zauna, na yi gaisuwa yadda ake yi, na ce, "Allah ya ba ka nasara, kiɗan fada nake so in ɗauka don a adana." Bai karanta takardar ba ma. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, da na faɗa sai ya ce in dawo ranar Alhamis da yamma, in tsaya inda za a nuna mini. Fadar nan ba ƙaramin wuri ba ce. Sarki Tanimu ne ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, kuma garin ya riƙe hedkwatar mulkin mallakar Nijar har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Mutum ba ya shiga irin wannan ƙofa da gaggawa. Da aka fara busa kakaki na gode wa Allah da aka tsayar da ni nesa. Kakaki yana cika na'ura har sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. Daga nesa kuwa sai ka sami busar tare da amsawar bangon ƙasa, da algaita tana ratsawa, da takun dogarai a kan yashi. Na ba makaɗa goronsu ta hannun bafaden, ba kai tsaye ba. Haka ake yi.

Tunda na taɓo na'ura, bari in gama da ita. Ƙaramar na'urar ɗaukar sauti ce ƙirar Zoom mai cin batir biyu, da abin sawa a kunne mai rufe kunne duka, da hular gashin nan da ake sa wa makirfo don tare iska. In kuɗinku bai kai komai ba, ku sayi hular. Cikin hunturu na yi aikin, kuma ba tare da ita ba iska kawai zan kawo gida. A tsarin WAV nake ɗauka, kilohaz 48, bit 24, wanda yake cin kusan giga ɗaya a awa guda, don haka katin giga 32 biyu sun wadatar. Ma'aunin ƙarfi ina barinsa yana kaiwa wajen 12 ƙasa da sifiri, don in wani ya yi oda kusa da ni a sami wurin da ƙarar za ta shiga. A farkon kowace ɗauka ina faɗin wuri da rana da lokaci da bakina. Bayan wata guda duk kasuwanni kama suke yi wa juna a cikin kwamfuta.

Kasuwar Dole ranar Alhamis na shige ta, ranar da ƙauyuka ke shigowa, bayan na ga shugabannin ƴan kasuwa sun haɗa ni da wani yaro da zai riƙa zagayawa da ni. Nan na gane mutane sun fi tsoron makirfo a kan kamara. Mai hoto ana ganin inda ya nufa. Mai sauti kuwa yana tsaye shiru da abu a kunne, ba wanda ya san abin da yake ji. Wata dattijuwa mai fura ta tsayar da ni ta ce, "Ɗana, muryata za ka kai Kano ka sayar?" Na cire abin kunnen na sa mata. Ta ji ludayinta yana buga ƙwarya da ƙarfi fiye da yadda ta taɓa ji, ta ji wani mai tallar gishiri can nesa, ta fashe da dariya ta kira maƙwabciyarta. Daga ranar na mayar da shi ƙa'ida: duk wanda ya yi mini kallon tuhuma, kafin in yi bayani sai in ba shi ya saurara. Na kuma sa wa kaina wata iyaka. Tallar da aka ɗaga murya don kowa ya ji, ina ɗauka. Cinikin mutum biyu, ko hirar bashi, ko maganar gida, ina kashewa in matsa gaba, ko da ba su lura da ni ba.

A ganina sautin da ya fi kowanne zama na Damagaram ba a fada yake ba, ba kuma a kasuwa ba. Amalanken ƴan ga-ruwa ne. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wahalar ruwanmu. Da asuba, lokacin da suke nufar famfo, jarkokin babu komai ciki, suna karo da juna suna ƙwaramniya tun daga farkon lungu. In suna dawowa cike, jarka ba ta magana, sai kukan taya da nishin mai turawa. Na bi wani daga Zango zuwa famfo da dawowa, na biya shi kuɗin amalanke guda don ɓata masa lokaci da na yi. A faifan ba wanda ya ce uffan a kan ƙarancin ruwa, amma duk Badamagaren da ya saurara ya san zancen da ake yi.

Ranar tafiya na isa tasha bayan sallar asuba. Na ga shugaban tasha tukuna, ya ce in ɗauki kiran ƴan kamasho amma ban da rumfar da ake lissafin kuɗi. Kujera biyu na biya a gaba don jaka ta zauna a cinyata, ba a but ba inda za a ɗora mata buhu. Kuɗin mota ba shi da tsayayyen farashi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ya taɓa har ƴan ruwa-ruwan da ke sayar da mai a kwalabe a bakin titinmu, don haka ku tambaya a ranar. Mota sai ta cika take tashi. Mun yi zaman jira har rana ta ɗaga, kuma wannan jiran ya ba ni ɗauka mai kyau: masu shayi suna kaɗa kofi, mai gyaran taya yana buga ƙarfe, almajiri yana bara da waƙe.

Hanyar ba ta kai kilomita 250 ba gaba ɗaya. Ana bin titin Maraɗi ta Tirmini zuwa Takeita, a karya kudu ta Kance da Matamai har Ɗan Barto, bakin iyaka. Ga abin da ya fi komai muhimmanci a duk wannan rubutun: kafin kowane shinge, na jandarma ne ko na ƴan sanda ko na duwan, ku kashe na'ura, ku cire batir, ku sa ta a jaka. Na roƙi direba ya riƙa gaya mini tun daga nesa, ya kuma yi. Na san zuciya tana raya wa mai wannan sana'a cewa sautin hatimi a kan fasfo zai yi daɗi a faifai. Bai kai abin da zai jawo ba, musamman a yanayin tsaron da ake ciki. A Ɗan Barto na kai kaina wajen jami'an duwan, na nuna jerin kayan, suka duba lambobin suka sa hannu. A Kwangwalam, ɓangaren Najeriya cikin jihar Katsina, jami'an shige da fice suka duba fasfo da katin rigakafi suka tambayi inda zan sauka. Nan wasiƙar gayyata ta Turanci da abokina na Kano ya aiko mini ta yi aiki, don takardata ta Faransanci kallonta kawai aka yi. "Yallaɓai, adana al'ada ne," na ce, shi ke nan. Kuɗi kaɗan na canza a bakin iyaka, na abinci da mota, sauran na bari sai Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano.

A wani shinge can gaba, wanda ba zan faɗi wurinsa ba, wani jami'i ya buɗe jakar ya ci karo da makirfo cikin hular gashinta. Ya sa aka faka motar. Ya ce in kunna masa abin da ke ciki, kuma ba ɗaya ba, ɗauka bayan ɗauka. Fasinjoji suka fara gunaguni, wata Hajiya ta ce da ta san da mai kayan leƙen asiri a motar da ba ta shiga ba. Gumi ya keto mini duk da sanyin hunturu. Abin da ya cece ni shi ne babu shinge ko ɗaya a katin, kuma kowace ɗauka ta fara da muryata ina faɗin kasuwa kaza, ƙarfe kaza. Da ya kai kan kakaki sai ya sassauta, ya tambaye ni ko na sarkin Damagaram ne, ya miƙo mini jakar. Mun yi asarar kusan awa guda. Na saya wa ƴan motar lemo a Daura, Hajiyar ma ta karɓa.

Daura ban tsaya sosai ba, Kazaure da Ɗambatta ta taga na gan su. Muka shiga Kano da la'asar.

A Kano abokina ya kai ni wajen mai unguwarsu tun daren farko, kuma a kowace kasuwa sai mun fara da ofishin ƙungiyar ƴan kasuwa. Ba wanda ya nemi takardar gwamnati a wajena, kowa wanda ya kawo ni yake tambaya. Abubuwa biyu ƙanana za su iya tsayar da aiki. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, sai da mahaɗi. Layin waya kuma tun ƙarshen 2020 an ɗaure rajistarsa da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, don haka ban tsaya nema ba, da wayar abokina na yi ta amfani.

A nan ne kunnena ya ji iyakar da ban ji ba a Ɗan Barto. Harshe ɗaya, kiran salla ɗaya, amma ƙasan sautin daban. Damagaram babur ne, siririyar ƙara mai zuwa ta wuce ta bar shiru a bayanta. Kano tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, sai adaidaita sahu ta cika titi, ga janareta a bayan kusan kowane shago, ƙugi mai kauri wanda ba ya yankewa. Da farko na yi ta neman wurin da babu janareta. Daga baya na bari, don in na cire shi ba Kano na ɗauka ba. Shiru na gaske sai a kan Dutsen Dala kafin asuba, inda kiran salla ke tasowa daga masallatai ta kowace kusurwa, wani na gama kabbara wani na farawa. A Kurmi, kasuwar da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lungunan ƙunci ne da rufi, murya ba ta tafiya nesa, dole makirfo ya matso. Marinar Ƙofar Mata ta ba ni mamaki da rashin hayaniyarta, ɗigar baba ce kawai da tsoma zane. Ƙarar tana wajen mabuga, inda mutane ke zaune a jere suna dukan shuɗin yadi da manyan sanduna a kan gungume, hannu na sauka bayan hannu kamar matan gida suna lugude. Na biya su kuɗin shiga na baƙo na kuma ƙara na goro, na zauna har kunnena ya gaji. Wajen Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ban nufa ba. Tun da rikicin sarauta ya taso a watan Mayun 2024 wurin ba na baƙo mai makirfo ba ne.

Kafin in juyo na kwafe komai a kwamfutar abokina, na raba katunan, ɗaya a jaka ɗaya a aljihun riga. Kada ku aika ɗanyen sauti ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, matse shi yake yi ya zubar da rabin abin da kuka sha wahala a kansa. A dawowa jami'in duwan ya tambayi ko a Kano na sayi kayan, na miƙa masa jerin nan mai sa hannun abokan aikinsa, ya duba lamba ɗaya ya ce in wuce.

Haɗawar da Audacity na yi, manhajar kyauta ce, kuma ta fi tafiyar cin lokaci. Duk inda aka ji sunan mutum ko wata magana da za a gane mai ita, na yanke. Kafin in saki komai a intanet na ɗauki lasifika na koma wajen waɗanda na ɗauka. Bafaden ya saurara ya ce in cire wani wuri da aka ji ana yi wa wani yaro faɗa a ƙofar fada, na cire. Mai fura ta ce a bar nata duka. Na Kano na aika wa abokina ya zagaya da shi.

Wanda zai bi wannan hanya, ya nemi wasiƙar mai masaukinsa na can tun kafin ya shiga ofis ko ɗaya a nan, don ita ta fi jinkirin zuwa. Ya ware wa goro da ɗan rakiya kuɗi fiye da na takarda, ni abin da na kashe a nan ya ninka na takarda sau da yawa, kuma ban ga asara a ciki ba. Ya yi kwafin kowace takarda uku, ya bar ɗaya a gida. Ya kuma zaɓi lokacinsa da sani: hunturu yana da iska da ƙurar da ke shiga maɓallan na'ura, damina tana kawo kwaɗi da tsawa su rufe komai, azumi kuma yana mayar da hayaniyar gari zuwa dare. In Allah ya kai mu baɗi, ta Magarya nake son in fita, kuma bayan girbi, lokacin da ake sussuka a bakin hanya.